Malam Labaran, Mai Duba Sikirif da Kunne

Malam Labaran ba ya kunna kwamfuta sai ya goge faifan sola. Idan ya dawo daga sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya ɗauki doguwar sanda mai tsumma a kai, ya bi ta bayan kasuwar Batsari zuwa ɗan shagon da ya daɗe yana haya. Ya goge faifan, ya buɗe tagogi, ya jera benci biyu, sannan ya jawo kujerarsa ta roba zuwa inda iska ke shigowa. A ranakun aiki, masu buga takarda da masu neman a duba musu wani abu a intanet ne ke shiga da fita. Asabar da Lahadi kuwa na ajin gaba ne, kuma a kan wannan ajin ya cancanci jinjina.

Ajin gaba ba na 'yan koyo ba ne. Wanda bai taɓa rubuta wa kwamfuta umarni ba, Malam zai gaisa da shi, ya ba shi ruwa, ya kwatanta masa inda ake koyar da matakin farko. Masu zama a bencinsa sun riga sun iya rubuta sikirif, wato ɗan gajeren umarnin nan da ake rubutawa da harshe irin su Python don kwamfuta ta yi wani aiki da kanta: ta tura saƙo, ta tattara bayanai, ta daidaita lambobin waya. Akwai masu digiri a cikinsu, akwai ma'aikatan lafiya, akwai wanda ke hawo babur tun daga Safana. Abin da ke kawo su shi ne abin da ke biyo bayan iyawa.

Shi Malam ɗan aike yake kiran sikirif. Duk sabon shiga, a zamansa na farko, zai ji magana ɗaya.

"An koya maka yadda ake aike, madalla. To, in ya je bai tarar da mai gidan ba fa? Ya dawo? Ya jira? Ya ba maƙwabci? In ba ka gaya masa ba, zai yi abin da ya ga dama, ya dawo ya ce maka an gama."

Daga wannan tambayar sauran karatun ke fitowa. Yadda sikirif zai gane ya yi kuskure ya faɗa, maimakon ya haɗiye. Yadda zai bar sawu a duk inda ya bi, don wanda zai duba daga baya. Yadda zai karanta babban fayil layi bayan layi, kamar yadda ake ɗiban hatsi daga rumbu gwargwadon tuwon yau, domin tsofaffin laftof ɗin da ɗalibansa ke da su ba sa iya ɗaukar rumbun gaba ɗaya. Yadda za a gwada shi da mugun abu tun kafin mugun abun ya zo da kansa.

Malam Labaran da tafireta ya fara aiki, a wani ofis da ke da ita guda ɗaya tak. Da aka kawo kwamfuta aka rasa mai taɓa ta, ya taɓa. Daga baya ya je Katsina ya yi difloma, ya dawo ya shafe shekaru yana aikin tattara bayanan lafiya, inda ya gaji da maimaita abu ɗaya da hannu har ya koya wa kansa sa na'ura ta yi. Da ya yi ritaya, matarsa Hajiya Kande ta ɗauka za ta riƙa ganinsa a gida. Ta ce ta gan shi kamar mako guda, yana zagaya tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba, sannan ya buɗe aji.

Ɗalibansa suna da labarai a kansa, kuma wanda suka fi so shi ne na Shafi'u. Shafi'u matashi ne mai saurin hannu, wanda ke taimaka wa wata ƙungiyar manoma da aikin kwamfuta. Ya rubuta sikirif da zai tura wa mutane saƙon tes a kan taron rabon iri, ya kuma sa masa dabara: in sabis ya yanke, ya sake turawa. Abin da ya manta shi ne ya koya masa tuna wanda ya riga ya samu. Sabis ya yi ta zuwa yana komawa, ɗan aiken Shafi'u ya yi ta komawa gida ɗaya. Washegari wani mai unguwa daga Zakka ya sauka daga kan babur a ƙofar shagon, wayarsa na ta ƙara a aljihu, ya ce a nuna masa wanda ke kiransa taro tun jiya. Ya ce ya ji, zai zo, ko da ƙafa ne zai zo, a bar shi haka nan don Allah.

Waɗanda ke wurin sun ce Malam bai yi faɗa ba. Ya ba mai unguwa kujera da haƙuri, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya juya wa ajin ya ce karatun yau ya zo da ƙafarsa. A ranar suka koyi rubuta sikirif ɗin da ko an sake kunna shi ba zai maimaita aikin da ya gama ba. Shafi'u ya ce har yanzu in ya haɗu da mai unguwar a kasuwa, sai ya ɗaga masa waya daga nesa ya ce, "Malam mai taro, yau dai lafiya?"

Sai kuma lokacin da aka katse layukan waya a wannan yankin, a shekarar 2021, saboda matsalar tsaro. Da yawa sun ɗauka ajin zai tsaya. Malam ya ce ai yanzu ne karatu ya yi daɗi. A waɗannan watannin ya koya musu rubuta sikirif mai tara aikinsa a cikin laftof ya yi shiru, sai wani ya shiga mota zuwa Katsina, da zarar ya shaƙi sabis ya sauke kayansa gaba ɗaya. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce da wannan dabarar rahoton wurin aikinta ya riƙa isa inda ake jiransa a kan kari.

Malam Labaran, kai ne ka hana mutanen da suka iya abu su tsaya a kan iyawar. Ba ka taɓa karɓe laftof daga hannun ɗalibi ka gyara masa ba. Tambaya kake yi, ka yi shiru, har mai kuskure ya tarar da kuskurensa ya ji kamar shi ya gano.

Shekarun baya idonsa ya fara rauni. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, ya ce magani zai rage gudun abin, amma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Malam ya riƙa ƙara girman haruffa a allon kwamfuta har kalma ɗaya ta cika shi. Wata Asabar ya juya laftof ɗin wani ɗalibi ya miƙa wa mai shi, ya jingina, ya ce a karanta masa.

Tun daga nan ajin ya koma kamar karatun zaure. Kowa ya zo da nasa, ya zauna gaban Malam, ya karanta layi bayan layi da babbar murya, yana fassara abin da kowane layi ke yi da Hausa. Malam na sauraro ido a rufe. In ya ɗaga yatsa, an tsaya. Abin ya zo da ribar da ba wanda ya shirya mata. Mai sa wa abubuwa suna da harafi ɗaya ya daina, domin kunne ba ya iya bin wannan. Mai rubuta aiki ɗaya dogo kamar hanyar Safana ya koyi gutsuttsura shi, domin numfashinsa ne ke ƙarewa kafin ya kai ƙarshe. Sau da yawa mai karatu kan tsaya da kansa a tsakiyar layi, ya ce, "Af," tun Malam bai motsa ba.

A farkon daminar bara ya gaya musu abin da ya yanke. Ya ce kunne ya yi iya ƙoƙarinsa, amma akwai abin da sai an gani, kuma ba zai ci gaba da cewa "ya yi" a kan abin da bai tabbatar ba. Bayan kaka zai sauka. In an samu mai zama a kujerar, aji ya ci gaba. In ba a samu ba, zai mayar wa mai shago mabuɗinsa, kowa ya nemi Katsina ko Kano. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan. Mafi yawansu masu iyali ne da aiki, ba mai iya tafiya. In ajin ya rufe, ya rufe ke nan.

Kowa kuma ya san wadda za ta iya. Muhsina ce, ma'aikaciyar asibitin nan da aka ambata, matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ta fi kowa daɗewa a bencin. Sikirif ɗinta ba ya sa Malam ɗaga yatsa. Matsalarta ɗaya: ba ta gyara wa na gaba da ita a gaban mutane. Rabin ajin sun girme ta. In ta ji kuskure sai ta sunkuyar da kai, ta jira a tashi, ta raka Malam bakin ƙofa ta faɗa masa a hankali, shi kuma ya faɗa wa mai shi washegari. Malam ya gaya mata cewa shi ya gaji da zama ɗan aikenta. Ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar ce wa babba ya yi kuskure ba. Ya ce shi ma ba a yi masa ba, amma kujerar nan aikinta ke nan. Ta ce to a ba wani. Ya ce wa? Aka bar maganar a nan har gero ya fara nuna.

Wanda ya fi kowa girma a ajin shi ne Malam Tayyib, malamin dabbobi daga Safana, abokin mahaifin Muhsina tun suna samari. Baba take ce masa, kuma in ya shigo sai ta rusuna. Mutum ne mai tsabtar aiki, ya shigo harkar kwamfuta da furfurarsa, kuma yana alfahari da hakan. A ƙarshen damina aka sa ranar rigakafin ciwon huhu na shanu a Babban Duhu da rugagen da ke kewaye. Masu allurar yini ɗaya za su yi, domin maganin ba ya jure zafi, hanyar kuma ba a son yawan bin ta. Wanda bai kawo shanunsa ranar ba, sai wani zagayen. Malam Tayyib ya rubuta sikirif da zai tura wa kowane makiyayi saƙo da sunansa, ya kawo shi aji ranar Asabar don a saurara kafin ya tura a ranar.

Ya karanta da kyau. Sikirif ɗin na daidaita lambobin waya, yana tuna wanda ya samu, in ya ci karo da matsala a kan mutum ɗaya ya wuce shi ya ci gaba da sauran. Ya ce ya gwada da Sadiq da Mubarak da Rahma, duk ya tafi lafiya. Da ya zo wurin da ake neman lambar mutum ta hanyar sunansa, ya karanta: buɗe zance, haɗa da suna, rufe zance. Yatsan Malam Labaran bai motsa ba. Shafi'u, wanda ke zaune kusa da Muhsina, ya ce ya ga ta sunkuyar da kai, ya san akwai magana.

Malam ya tambaya, kamar yadda ya saba, ko akwai mai abin cewa. Ba wanda ya tanka. Ya sake tambaya. Sannan ya ce, "To, Malam Tayyib, bismillah, tura."

Wannan karon babu bakin ƙofa, babu washegari. Malam Tayyib ya gyara tabarau ya kai hannu.

"Baba," in ji Muhsina. Muryarta ba ta fita sosai ba, sai da ta sake. "Baba, da za a gwada da sunan Shafi'u tukuna."

Malam Tayyib ya dube ta ta saman tabarau, ya ce me Shafi'u ya yi kuma, ko taron nasa bai ƙare ba? Aka yi dariya. Amma ya rubuta sunan, ya kunna gwaji. Sikirif ɗin ya yi aikinsa ya ce an gama. Wayar Shafi'u na kan benci, ba ta ce komai ba.

Alhamza ce, ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakiyar sunan Shafi'u. A wurin kwamfuta alama ɗaya ce da ta rufe zance. Da ta kai "Shafi" sai ta ɗauka sunan ya ƙare, ta ga "u" a tsaye ba ta san abin da za ta yi da shi ba, ta rikice. Sikirif ɗin kuma, da yake an ce masa ya wuce duk inda ya samu matsala, sai ya wuce bai gaya wa kowa ba.

Malam Tayyib ya ajiye tabarau. Ya fara kiran sunayen makiyayan da ya sani da ka: Yusha'u, Mu'azu, Isma'ila, Ya'u, Rabi'u babba da Rabi'u ƙarami. Ya tsaya, ya riƙe haɓa, ya ce har Arɗo Sa'idu, wanda shi ya fi kowa shanu, kuma shi ya roƙa a kawo rigakafin tun farko. Ya ce da yau ya tura, da ya gayyaci kowa ban da mai gayya.

Ya juya ya ce, "To, 'yata, ba za ki bar ni a nan ba. Yaya ake yi?"

Muhsina ta tashi ta je gabansa. Ta ce kada a dama sunan mutum cikin umarni. A rubuta umarnin da gurbi, a miƙa sunan daban, ta yadda kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin suna ko me ke cikinsa. Ta ce kuma duk wanda aka wuce, sikirif ya faɗi sunansa a ƙarshe, kada ya ce an gama alhali ba a gama ba. Tun tana magana a hankali har muryarta ta saki, ta shiga nuna masa layi na gaba, inda ta ce akwai wani ƙaramin abu shi ma. Aka gyara, aka sake gwadawa. Wayar Shafi'u ta yi ƙara. Shafi'u ya ɗaga ta sama ya shaida wa jama'a cewa sau ɗaya ta yi.

Har yau ba a daidaita a kan ko Malam Labaran ya ji kuskuren ba. Shi ya ce bai ji ba, ita ta ji, kuma dalilin saukarsa ke nan. Shafi'u ya rantse tarko ne, ya ce ya ga gefen bakin Malam na motsi lokacin da ya ce a tura. Hajiya Kande, da aka tambaye ta, ta ce ita dai ta san ya dawo gida ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Abin da ba a gardama a kai shi ne an yi rigakafin, kuma Arɗo Sa'idu ne ya fara isa da garkensa.

Bayan an gama yankan dawa aka yi ɗan zama a shagon, da shayi da tsire daga wurin mahautan kasuwa. Ba a yi jawabi mai tsawo ba. Malam ya miƙa wa Muhsina mabuɗi, ya kira ta Malama a gaban kowa. Malam Tayyib ne ya fara miƙewa ya ce ya amince, ya ƙara da cewa an gyara masa a gaban jama'a kuma bai ji ko ɗar ba, wanda duk ya iya wannan ya iya riƙe aji.

Malam Labaran, an gode. Kai ne ka zaunar da ilimin da ake cewa sai an je birni a cikin shago mai benci biyu, ka riƙe shi lokacin da ba wuta, lokacin da ba sabis, lokacin da idonka ya fara ja baya. Da ganin ya ƙi, ba ka ɓoye ba, ka faɗa, ka kuma ƙi tafiya da ajin a aljihunka. Allah ya saka da alheri, ya tsare maka abin da ya rage na ganinka, ya sa ka daɗe kana jin amfanin abin da ka shuka.

Ga sauran masu sana'a a Batsari da Safana, na kwamfuta da waɗanda ba na kwamfuta ba, abin koyin a fili yake. Masu koyar da mafari suna da yawa, kuma suna da lada. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu riƙe wanda ya riga ya iya su kai shi gaba, su kuma shirya mai gadonsu tun suna da ƙarfin miƙa masa. Duk mai wani abu a kansa ya duba bencinsa ya ga wa ke sunkuyar da kai.

Ajin gaba na nan yana ci, an ma ƙara benci na uku. Hajiya Kande ta ce ritaya ta biyu ma ba ta kama ba, domin Asabar da Lahadi Malam na rigan kowa fita. Yanzu a benci yake zama, a tsakanin ɗalibai, yana koyon sarrafa kwamfuta da manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke allo. A wata Asabar ta kwanan nan, ana cikin sauraron wani sikirif, ya ji abin da bai gamshe shi ba, ya buɗe baki zai yi magana.

"Malam, a yi haƙuri," in ji Malama Muhsina daga kan kujera. "Baba Tayyib ya riga ka ɗaga hannu."

Malam Labaran ya gyara zama, ya ce gaskiya ne, a bi layi.